Fuskar Jatau a Allon Majigi

Bana shekara hamsin ke nan da mutuwar Jatau. Ban san ranar ba, ban san watan ba, domin mutanen gidansu ba sa rubuta irin wannan. Abin da na sani shi ne dawa ta fara fid da kai aka binne shi, kuma sai bayan mako uku labarin ya iske ni a Kaduna, daga bakin wani direba ɗan Funtuwa da ya jefo shi a tsakiyar hira, tsakanin maganar lalacewar hanya da ta fashewar taya. Ban yi kuka a gabansa ba. Na tambaye shi ko ana samun ruwa a gida.

Da na gaya wa babban ɗana zan rubuta wannan a jarida, sai ya ce, "Baba, Bamaguje ne fa. Marigayi za ka kira shi?" Na ce masa ya riga ni, ya riga mahaifiyarka, to me ya rage? Ni ma ba don gardamar suna na ɗauki alƙalami ba. Na ɗauka ne domin na doshi tamanin, kuma in na tafi babu sauran wanda ya san abin da aka yi wa mutumin nan, da hannun da aka yi amfani da shi.

Sunana Isiyaku, haifaffen Malumfashi. Aikin da na yi a ƙuruciyata yawancin masu karatu ba su san an taɓa yin sa a ƙasar nan ba. Ni mai zanen majigi ne. Ba majigin da ake ɗaukar mutane da kyamara nake nufi ba, wanda ake zanawa da hannu a sa shi ya yi motsi, irin wanda jikokina ke kira katun, suna zaton daga waje kaɗai yake zuwa.

Jatau kuwa manomi ne a wata unguwar Maguzawa can bayan Dayi. Ya girme ni da shekara goma sha wani abu. Ubansa da ubana aminai ne tun ban san kaina ba. Ranar kasuwar Malumfashi a ƙofar gidanmu suke ɗaure jakunansu, a zaurenmu suke sauka, kuma duk kaka damin dawa na farko da ke shiga gidanmu daga gonarsu yake zuwa. Yaya nake ce masa, shi kuma ya ce mini ƙanena, kuma a lokacin babu wanda yake ganin wani abin mamaki a ciki. Dogo ne, baƙi, da tsaga uku-uku a kumatu. Yana ɗan jan ƙafar hagu tun wani sa da ya taka shi yana saurayi. Lofe ba ya barin bakinsa, da wuta ko babu, kuma in yana tunani da bakin lofen yake sosa bayan kunnensa.

'Yan shekaru bayan samun 'yancin kai, wani Bature da ya ƙi komawa ƙasarsu ya buɗe ɗan ƙaramin kamfani a Kaduna, yana karɓar aikin majigin wayar da kai: allurar rigakafi, tsabtar rijiya, takin zamani. Ya ga wasu zane-zane da na yi a bangon makarantar da nake koyarwa, ya ɗauke ni. Shi ne mai kyamara, ni ne mai zane, sai Malam Haladu wanda shi ne bakin majigin. Majiginmu ba shi da murya. In motar majigi ta isa gari aka kafa farin ƙyalle, Malam Haladu ne ke riƙe lasifika yana faɗa wa mutane abin da suke gani, yana sa wa kowa magana a baki yadda ya ga dama. Ya iya aikinsa. Zai iya sa kasuwa guda ta yi dariya da tari kawai.

Ni nawa aikin a wani ɗaki nake yin sa wanda aka toshe tagoginsa da bargo. Akwai tebur, da faifan gilashi a kansa, da kyamara a rataye tana kallon ƙasa, da fitilu biyu masu zafi kamar murhu. Sai in zana mutum a kwali, in yanke shi da almakashi gaɓa-gaɓa, in haɗa gwiwa da kafaɗa da wuya da zare. In kwantar da shi, in danne da gilashi, Bature ya ɗauki hoto ɗaya. In ɗaga gilashin, in matsar da hannun kwalin kamar faɗin ƙwayar gero, a sake ɗauka. Haka tun safe har la'asar, kuma abin da aka samu a yini bai isa mutum ya shanye moɗar ruwa yana kallo ba. In ka yi atishawa aikin yini ya tashi. Babu inda aka taɓa rubuta sunana a kan allo, kuma a lokacin abin yana cin raina. Yanzu na san rufin asiri ne aka yi mini.

Aikin da ya jawo komai shi ne majigin tsutsar auduga. Ana son a nuna manoma biyu, ɗaya mai hankali da ke shuka da wuri, ya yi feshi, ya tuge karan auduga ya ƙone bayan tsinka, ɗaya kuma malalaci. Na yanka manomana na farko, Bature ya kalle su ya ce waɗannan akawuna ne aka ba su garma. Ya ce in tafi gida in kalli manomi na gaske kafin in dawo. Ban yi tunanin kowa ba sai Jatau.

Damina guda na yi a unguwarsu. Tanoma, matarsa, ta ware mini tukunya da akushi nawa ni kaɗai, kuma in an yanka kaza ni ake ba wuƙa don kada in ƙi ci. Kullum ina bakin gona da littafi da fensir. Da farko Jatau dariya yake yi mini, yana cewa ƙanena ya je birni ya koyo zama. Sai ranar da na zana shi a kusurwoyin shafuka arba'in a jere, na murza shafukan da babban yatsa a gabansa, ya ga ɗan mutum ya ɗaga garma ya kafta ya juya ƙasa. Ya cire lofe daga bakinsa. Ya ce in sake. Na sake har sau biyar. Ya ƙwala wa Tanoma kira ta zo ta gani, sannan ya dangwala yatsa a kan takardar.

"Ƙafar ba haka take ba. In na taka nan, kunyar rushewa za ta yi. Gyara."

Daga ranar ya ɗauki abin da gaske fiye da ni. Ya riƙa rage sauri don in ga yadda ƙugu ke juyawa. Ya riƙa fasa mini ƙwallon auduga da farce yana nuna mini tsutsar a kwance, da ƙofar da ta shiga, da irin kashin da take bari. Abin da majigin zai koya wa mutane duk yana yin sa tun kafin a haifi kamfaninmu. Karan audugarsa ba ya kwana biyu a gona bayan tsinka. Wata rana muna hutawa a gindin ɗorawa ya tambaye ni mene ne amfanin wannan wahala duka. Na ce masa, "Yaya, kai za ka koya wa Arewa duka noma. Daga nan har inda mota ke zuwa, kai za a gani." Ya sosa bayan kunne. Sai ya ce, "To kar ka mance da lofen."

Na koma Kaduna na yi aikin da ban taɓa yin mai kyansa ba, ban kuma sake ba. Manomi mai hankali shi ne Jatau sak, da warkinsa da tsagarsa da jan ƙafarsa. Malalacin kuwa na sa masa babbar riga da hula, yana kishingiɗe a inuwa yana nuna wa mutane gona da sanda, domin irin malalacin da na sani ke nan. Da muka gama kashin farko, manya biyu daga cikin waɗanda suka ba da aikin suka zo dubawa. Ana cikin nunawa na ga fuskar ɗayansu ta canza. Da aka kunna fitila ya gyara zaman rigarsa ya ce, "Wannan mai kwanciyar, wa kuke nufi da shi?"

Kafin in buɗe baki Malam Haladu ya duƙa. "Ranka ya daɗe, kuskuren yara ne. Ai juya su za a yi. Wa zai zauna arne mai warki ya koya masa noma?" Suka yi dariya, hankalin kowa ya kwanta. Bature bai ji rabin maganar ba. Da aka fassara masa ya ɗaga kafaɗa ya ce shi bai damu da wane kwali ne zai sa hula ba, wata nawa za a ƙara kawai yake son ji.

An tambaye ni, kuma wannan ne abin da ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba. An ce, "Isiyaku, za ka iya?" Na ce to. Ina da sabuwar amarya a ɗakin haya, kuma Bature ya yi mini alkawarin tura ni ƙasar waje in koyo aikin sosai, tafiyar da ba a taɓa yi ba. Na ɗauki motsin Jatau duka, huɗarsa da shukarsa da yadda yake fasa ƙwallon auduga, na lulluɓe su da babbar riga na ɗora musu sabon kai. Na ɗauki Jatau na kwali na faɗaɗa masa baki, na sauke masa ido, na ƙara masa tumbi, na manna masa ƙwaryar giya a hannu. Da na so, da na goge tsagar, na cire lofen, na miƙe ƙafar. Aikin yini biyu ne. Na gaya wa kaina babu wanda zai gane mutumin kwali. Ƙarya nake yi wa kaina, kuma na sani. Na bar su ne saboda su ne suka sa ɗan kwalin nan yake kamar mai rai, kuma ba na son in ɓata aikina.

Da bazara, kafin ruwan shuka, motar majigi ta nufi Malumfashi, ni ma ina ciki. Jatau ya ji labari. Ya taso da gidansa duka a ƙafa, da Tanoma da 'ya'yansu da ƙannensa biyu, suka sauka a zaurenmu tun azahar. Ya sa rigar da yake zuwa biki da ita. Muka zauna ni da shi daga azahar har rana ta faɗi, muka yi hirar iri, muka yi hirar wani rafi da ya ƙafe, ya tambaye ni lafiyar amarya. Sau uku ina niyyar gaya masa abin da na yi a majigin ina fasawa. Da aka idar da magariba ni na ɗauki tabarma da hannuna na shimfiɗa musu a sahun gaba.

An fara da tsutsa tana rarrafe, mata suna ihu, yara suna tafi. Mai babbar riga ya fito ya yi huɗa, na ji dattawa a bayana suna cewa wannan ya san garma. Sannan ɗayan ya fito daga bukka, yana jan ƙafar hagu, da ƙwarya a hannu. Ya tsaya, ya cire lofe, ya sosa bayan kunne. Sai wata mai ƙosai ta daka tsalle ta ce, "La'ilaha illallahu, Jatau ne!" Dariyar da ta tashi har yau ban ji irinta ba. Malam Haladu ba ya barin irin wannan ta wuce shi. Ya ce a lasifika, "Af, ashe kun san shi! To, Jatau, sannu da barci, rana ta yi tsaka!" Daga nan har ƙarshe da sunan ya riƙa kiransa. A ƙarshen majigin tsutsotsi suna cinye gonar wawan, su kumbura, su bi shi da gudu, ya faɗa rami ƙafafu a sama. Kwana tara na yi ina gyara faɗuwar nan don ta ba da dariya.

Tanoma ta kwashi yara ta fita tun a tsakiya. Jatau bai motsa ba. Ya kalla har ƙyallen ya yi fari, ya tashi, ya naɗe tabarmar ya miƙo mini da hannu biyu.

Da safe na iske shi a ƙofar gida yana ɗaura wa jaki mangala. Bai ɗago ba ya ce, "Ƙanena, wancan mai rigar, wa ya koya mashi huɗa?"

Na ce, "Kai ne, Yaya. Motsinka ne duka."

"Na gani. Na gane takuna a ƙarƙashin rigar." Ya ja igiya ya ƙulle. "Wato noman ka ba shi, fuskar ka bar mani."

Na fara yi masa bayanin manya, da yadda suka zo, da abin da suka ce. Ya bar ni na yi nisa, sannan ya ce, "Su manyan, sun taɓa zuwa gidana?" Na ce a'a. "Sun ci tuwon Tanoma?" Na ce a'a. Ya ce, "To mi ya kawo su cikin maganarmu?" Ya kora jakinsa suka tafi. Mahaifina yana zaune a zaure yana ji. Ya yi wata guda bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Da abin ya tsaya a Malumfashi, da wataƙila ya mutu da kansa. Amma motar ta wuce Funtuwa, ta wuce Danja, ta shiga duk garin da ke da fili da kasuwa, kuma ko'ina Malam Haladu da sunan yake buɗe baki. Na roƙe shi ya canza. Ya ce, "Malam Isiyaku, ko ban faɗa ba yanzu mutane ke faɗa da kansu. Kai ka zana shi, ni suna kawai na sa." Na so in mare shi, amma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Na je wa Bature, ya ce majigin ya zama na waɗanda suka ba da aikin, kuma sun ji daɗinsa ƙwarai. Kafin damina ta ƙare, duk wanda ya makara a gona sai a ce masa Jatau. Da kaka ya kai audugarsa fuloti, inda ake auna ta a saya, fara tas kamar ba a ƙasa ta fito ba, mai duba audugar ya ɗaga murya ya ce, "Jatau, wannan ce tsutsa ta rage maka?" Layi duka ya ɗauki dariya.

A al'adarsu, manomin da ya ɗaure dami dubu na dawa a shekara guda yakan yi biki, dattawa su kira shi Sarkin Noma a gaban jama'a. Jatau ya yi shekaru yana bin dubun nan yana faɗuwa kusa da ita. A wannan shekarar ya yi noma kamar mai faɗa da ƙasa, ya kuwa cika ta. Ba a gayyace ni ba, amma na je, na tsaya can gefen da aka ware wa baƙi Musulmi. An yi yanka, an cika randuna, makaɗan noma suka ɗauki kirarinsa da na ubansa. Ya fito tsakiyar fili da garma a ɗage, kuma na rantse ban taɓa ganin mutum ya cika fili kamar yadda ya cika shi a lokacin ba. Sai wasu samari uku 'yan gari, da nama kawai ya kawo su, suka bi bayansa suna jan ƙafa suna sosa kunne. Ɗayansu ya zube ƙasa ya ɗaga ƙafafu sama. Dariya ta fara daga baƙi, ta tsallaka ta shiga cikin danginsa. Na ga ɗan baffansa yana toshe baki da hannu. Makaɗi ya rikice, ganga ta tsaya. Jatau ya juya ya dube su. Ya sauke garmar ya kwantar da ita a ƙasa a hankali kamar mai kwantar da jariri, ya shiga ɗakinsa. Dattawa suka jira har rana ta karkata, bai fito ba. Mutane suka ci suka sha suka watse, ba a faɗi kalmar Sarkin Noma ba.

Kafin damina ta zagayo ya bar gonar ubansa wa ƙannensa, ya kwashi iyalinsa ya nausa daji can yamma, inda mota ba ta zuwa, ya fara saran sabuwar gona daga tushe. Sau ɗaya na bi shi. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi lafiyar mahaifina. Amma da "Malam" ya riƙa kirana, ba ƙanena ba, tun daga sallama har sallama. Na nemi ya yafe mini. Ya ce, "Haba Malam, ai takarda ce." Ya raka ni har bakin hanya kamar yadda ake raka baƙo.

Zan so in ce daga nan na ajiye aikin. Ban ajiye ba. Wawan ya karɓu, aka ce a ƙara. Majigi uku muka sake yi da shi, ya sha ruwan kududdufi, ya guje wa allura, ya cinye irin shuka. Na goge tsagar a waɗannan, kamar wannan zai canza wani abu. Shekara huɗu ina yanka shi da almakashi ina ɗinke shi da zare. Ina kan tebur ɗin nan lokacin da ya mutu.

Da na je gaisuwa Tanoma ba ta kore ni ba. Na tambaye ta ciwon da ya yi. Ta ce tari ne na 'yan kwanaki, irin wanda a da ko kwanciya ba zai sa shi ba. Sannan ta ce, "Malam, tun da muka zo nan bai ƙara gyara ma kowa riƙon garma ba. Ko ɗiyansa. In sun yi daidai shiru, in sun ɓata shiru." Wanda ya san Jatau ya san girman wannan magana. Mutum ne da ba ya iya wuce gonar wani ya ga karkatacciyar kunya bai tsaya ba.

Kamfanin bai daɗe ba bayan wannan. Bature ya tattara ya tafi a shekarun yaƙi. Gwangwanayen da ake adana majigin a ciki suka zauna a wani sito har suka fara warin tsami, aka zubar. Littattafan da na zana Jatau na gaskiya a cikinsu gara ta cinye. Malam Haladu ya yi suna, ya je Makka sau da yawa, da ya rasu an yabe shi da cewa ya wayar da kan talakawa, kuma a wani fannin ba ƙarya ba ne. Ba na ɗora masa kayan duka. Shi bai san Jatau ba. Ni na san shi.

Wani lokaci ina zaune jikokina na kallon fim ɗin Hausa, sai a fito da baƙauye da yagaggiyar riga da baƙin gawayi a haƙora, yana tsoron fanka, su yi ta ƙyaƙyatawa. In kuma ana son mugu ko jahili na ƙarshe sai a ɗaura masa warki. Ina kallon sunayen da ke wucewa a ƙarshe ina tambayar kaina wane ne Isiyakun cikinsu, wanda ya san ƙauyen da gaske, ya ci tuwonsa, ya kuma ce to. Abin da ya ɗauke ni wata uku a ɗaki mai zafi yanzu yaro na yin sa da waya kafin shayi ya huce. A ɗauki tsoho ya yi tuntuɓe a kasuwa, a sa masa kiɗa, kafin la'asar an gan shi a garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba. Me Jatau zai ce da ya ga wannan? Ina jin ba zai yi mamaki ba. Abin da zai tsaya ya kalla shi ne gonakin da ke tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ya nemi audugar da aka wulaƙanta shi dominta, ya ga yadda ta ja baya har wasu yaran yankin ba su taɓa tsinkar ta ba. Zai tambaye ni ina mai babbar rigar da ya iya noma.

Bara wata mata ta yi sallama a gidana, ta kai shekara arba'in da 'yan kai, ungozoma ce a Malumfashi. Ta ce sunanta Saratu, jikar Jatau ce ta wajen 'yarsa. Ta ce, "Baba, an ce ka san kakanmu, an kuma ce kai mai zane ne. Ba mu da hotonsa ko ɗaya. Mahaifiyata ta rasu ba ta cika son maganarsa ba. Ko za ka zana mana shi, in rataya wa 'ya'yana?" Na ce ta dawo bayan kwana uku.

Na aika aka sayo takarda da fensir. Ina rufe ido ina ganin sa sarai a gindin ɗorawa. Na ɗora fensir, na ja goshi, na ja hanci, da na zo baki sai hannuna ya tafi da kansa ya faɗaɗa shi. Na yaga. Na sake, idanun suka sauka. Na sake, na sake. Damina ɗaya na yi ina zana Jatau, shekara huɗu ina zana wawan, kuma hannu abin da ya fi maimaitawa yake riƙewa. Ranar da ta dawo akwai guda a kan tebur ban kai ga ɓoyewa ba. Ta ɗauka ta duba, sai ta fashe da dariya, dariya mai tsabta ta wadda ba ta san komai ba. Ta ce, "Kai, Baba! Ashe kakanmu ɗan barkwanci ne?"

Na ce ta zauna. Na gaya mata duk abin da kuka karanta a nan, ban rage ba. Ta saurara har ƙarshe ba ta katse ni ba. Da na gama ta kifa takardar a kan tebur, ta ɗauki jakarta. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Tunda hannun ya ƙi zane, ka rubuta. Ka sa sunanka a ciki." Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa ba, domin wanda ke da ikon yafewar na riga na ji amsarsa. Ba ta sake dawowa ba.

Na daɗe ina auna abin da ya rage na Jatau. Majigin babu shi. Unguwarsu ta watse, wasu sun musulunta, wasu sun shiga coci, wasu suna birni suna tuƙa babur. Gonar da ya sara a daji yau ba mai iya kwana a cikinta. Fuskarsa tana cikin kaina kaɗai, kuma na gwada na ga ba ta fitowa. Abin da ya rage shi ne shaida, ita kuwa ina da ita. Na ga rumbunansa a shekarar bikin da idona, a cike har baki, da sauran dammuna jibge a waje an rasa inda za a sa su. Babu injin, babu takin kanti, garma ce da mutanen gidansa. Dattawan da ya kamata su faɗa duk sun mutu da kalmar a bakinsu, saura ni, wanda ya fi kowa rashin cancantar faɗinta. Jatau na bayan Dayi Sarkin Noma ne. Saratu, ki gaya wa 'ya'yanki haka.